Kafin Malam Ya Ɗauki Alli, Ya Fita Ya Duba Halittu

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili na faɗakarwa a kan ilimi da tarbiyyar 'ya'yanmu. Yau maganarmu a kan malamin firamare ce, musamman wanda aka ɗora wa koyar da ilimin halittu masu rai, wato tsirrai da dabbobi da ƙwari, da irin zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da suke yi da junansu, da ƙasa da ruwa da rana. Ta yaya mutum yake koyon koyar da wannan darasi? Ra'ayin da zan kare a gabanku shi ne, sai malamin ya fara koyon dubawa da idonsa. Sai kwalejin da ke horar da shi ta fitar da shi daga aji, ya san halittun da ke kewaye da makaranta, da sunayensu, da abin da ya haɗa su, kafin a damƙa masa yara. Iyaye da malamai da masu riƙe da ragamar ilimi, ku ba ni aron kunnuwanku.

Mu fara da abin da aka saba gani a azuzuwa da yawa. Malam ya rubuta siffofin abu mai rai a allo da Turanci, yara su kwafa, su yi ta rerawa har su haddace. Ranar jarrabawa su zuba abin da suka haddace, a ba su maki. Amma ka ja yaro ɗaya daga cikinsu zuwa bakin gona ka tambaye shi abin da ya sa geron da ke gindin gawo ya fi na gefe kyau, sai ya yi shiru, alhali kakansa da bai taɓa shiga aji ba ya san amsar. Laifin bai tsaya a kan malamin ba, domin shi ma haka aka koyar da shi. Nijeriya tana da tsarin horar da malamai: shaidar NCE ita ce mafi ƙarancin takardar da doka ta yarda a shiga aji da ita, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna tun 1976, akwai hukumar kula da kwalejojin ilimi tun 1989. Gine-gine da hukumomi suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokacin da ɗalibin koyarwa zai durƙusa a ƙasa yana kallon gara tana aiki, ko ya tumɓuke wake ya duba saiwarsa. Koyon ilimin halittu daga allo kaɗai kamar koyon iyo ne a kan tabarma.

Bari mu tsaya a gindin gawon nan, mu ga yawan darasin da malami masani zai iya fitarwa daga bishiya ɗaya. Gawo yana da ɗabi'ar da ta saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana a lokacin da take bukata, kuma ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin da gero ke neman abinci. Da rani kuwa, awaki da tumaki da shanu su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Buzuzu ya mulmula kashin ya binne shi, gara ta cinye ƙiraren da suka faɗo, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ƙarasa aikin, komai ya koma ƙasa. A saiwarsa akwai ƙwayoyin bakteriya masu kama sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin tsiro, irin aikin da ake sayen takin zamani domin shi. Ƙwayar gawon da akuya ta haɗiye kuwa takan fito a wani wuri ta tsira cikin sauƙi, domin cikin dabbar ya tausasa ɓawonta. Ga mai samar da abinci, ga mai ci, ga mai ruɓarwa, ga yadda iri ke yaɗuwa. Manhajar zango guda ke nan a tsaye a bakin gona, tana jiran malamin da ya san ta.

Kada a ɗauka wannan sani na nishaɗi ne kawai. A Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980, manoman yankin Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin kututturan itatuwa su sake toho a gonakinsu, suna rage rassa su bar masu ƙarfi, maimakon su sassabe komai ƙarƙaf. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5. Mutanen da suka yi wannan aiki sun bambanta tohon gawo da na sabara da na kalgo tun yana ɗan ƙarami. Yaron da ke aji 4 a yau, shi ne zai gaji gonar nan gaba kaɗan, kuma abin da zai yi da kututturen da ya tarar a cikinta ya dogara da abin da aka koya masa gani.

Sai dai sanin halittu rabin aikin ne. Rabi na biyu shi ne sanin abin da ke cikin kan yaro. A 1986 wani masanin harkar koyarwa a Amurka, Lee Shulman, ya ja hankalin masu horar da malamai cewa akwai wani sani na daban da malami ke bukata, wato sanin inda ɗalibi yakan yi tuntuɓe a darasi, da misalin da zai tashe shi. Yaro ba ya zuwa aji da kai fayau. Yana zuwa da bayanin da ya ƙulla wa kansa: bishiya ba ta da rai tunda ba ta tafiya, wuta tana da rai tunda tana ci tana girma, tsutsa daga ruɓaɓɓen nama take samuwa, tsiro ƙasa yake ci. Manyan masana ma sun daɗe a kan irin wannan fahimta. A ƙarni na 17 wani masani a ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, Van Helmont, ya dasa itace a tukunya bayan ya auna ƙasar, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kaɗai. Itacen ya ƙara nauyin kusan kilo 74, ƙasar kuwa nauyin da ta rasa bai kai giram 60 ba. Daga baya aka gano cewa ganye ne ke haɗa abincin tsiro daga iska da ruwa da ƙarfin hasken rana. A 1668 kuma wani likita a Italiya, Francesco Redi, ya sa nama a kwalabe, ya rufe wasu ya bar wasu a buɗe, tsutsa ta bayyana a inda ƙuda ya sami shiga kaɗai. Wannan gwaji na biyu, duk makarantar da ke da kwalba biyu da ƙyalle za ta iya maimaita shi. Malamin da ya taɓa yin sa da hannunsa a kwaleji ba zai tsawata wa yaro don ya faɗi kuskure ba. Zai ce masa, to, mu gwada mu gani.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya shafi kowane gida. A 1988 an ƙirga masu fama da kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar da ke kashe shi. Abin da ya kawar da shi shi ne jama'a sun fahimci zagayen rayuwarsa: tsutsar tana zuba 'ya'yanta a ruwa idan mai ciwon ya tsoma ƙafa, wasu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, mutum ya sha ruwan ya kamu. Da aka gane haka, sai tace ruwa da ƙyalle da hana mai ciwo shiga tafki suka yanke zagayen. Haka tsargiya take bi ta jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa kafin ta huda fatar yaron da ke wanka a kududdufi. Haka sauro yake tashi daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa mai fiffike cikin mako ɗaya zuwa biyu a ruwan da ya kwanta, kuma Nijeriya ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Yaron da ya ɗebi ruwan tsohuwar taya a kwalba, ya rufe bakin da guntun gidan sauro, ya ga tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil sun rikiɗe sun zama sauro a gabansa, ba sai an roƙe shi ya kifar da gwangwanayen bayan gida ba. Gani ya kori ji.

Idan aka taɓa halitta ɗaya ba tare da sanin abin da ke rataye da ita ba, sakamakon yakan zo ta inda ba a zata ba. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin ciwo da ake ba shanu ya riƙa kashe ungulun da ke cin mushensu, har fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu jinsunan ungulu suka ƙare. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, haɗarin cutar haukan kare ya ƙaru. A nan gida, dattawa sun san lokacin da ungulaye ke cika mahauta, yanzu kuwa a garuruwa da yawa sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba. A fadamar Haɗeja da Nguru, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ambaliya da janyewarta ya sauya, ciyawar kacala ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta takura masunta da manoma, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Waɗannan su ne misalan da ya kamata ɗalibin koyarwa a Gumel ko Gashuwa ya sani kamar yadda ya san sunansa, domin 'ya'yan waɗannan masunta da manoma zai koyar.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Jama'a masu saurare, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda ya kamata a horar da malamin firamare ya koyar da ilimin halittu daga abin da ke kewaye da yara. Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu suna da nauyi. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko zai ce, malam, kana maganar gwaji, alhali makarantarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta da madubin ƙara girma, yara sun haura 100 a aji ɗaya, wasu a ƙasa suke zaune. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma cunkoson aji hakki ne a wuyan hukuma wanda babu dabarar koyarwa da za ta sauke shi. Amma ilimin halittu shi ne reshen kimiyya da ya fi kowanne sauƙin kaya, domin kayan aikinsa suna tsirowa da kansu. Wannan tunani ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A Kano aka yi taron 1965 da ya haifar da shirin koyar da kimiyya a firamaren ƙasashen Afirka, kuma ɗaya daga cikin darussansa da suka yi suna an gina shi ne a kan ɗan ƙwaron nan da ke haƙa rami mai siffar mazurari a rairayi yana dakon tururuwa ta zamo ciki. Yara su tambaya, malam ya mayar da su ga ƙwaron su nemo amsa a wurinsa. Game da yawan yara kuwa, a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni a ba shi bishiya ɗaya a harabar makaranta, ko a kewaye masa fili taku ɗaya da igiya, su riƙa zuwa kowane mako suna ƙirga abin da suka gani. Sarrafa yara masu yawa a waje fasaha ce, kuma dole a koya wa ɗalibin koyarwa ita a aikace tun yana kwaleji. Idan bai taɓa gwadawa a gaban mai duba shi ba, tsoron hayaniya zai kulle shi a aji har ya yi ritaya.

Na biyu zai ce, yaran da ba su iya karatu da lissafi ba, ina su ina bin ƙwari? Kuma jarrabawa da Turanci ake yi. Amsar ita ce, darasin halittu yana yi wa karatu da lissafi hidima. Yaron da ya shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a cikin duhu, yana auna tsawonsu da rula kowace safiya yana rubutawa, ya yi awo, ya yi ragi, ya rubuta jimla mai ma'ana a kan abin da ya damu da shi. Batun harshe kuma an gwada shi. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussa da Yarabanci tsawon shekara 6 na firamare, har da kimiyya, Turanci kuma yana matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun yi kyau a sauran darussa. A Nijar ma an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Yaron da ya fahimci abu da harshen da yake tunani da shi, ɗora masa sunan abin da Turanci aikin minti kaɗan ne. Hausa kuwa ba ta da talaucin sunaye a wannan fage: tun 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya wallafa littafi guda na sunayen tsirrai da Hausa. Abin kunya ne a yaye malami a ƙasar Hausa bai iya bambanta magarya da kurna ba.

Na uku zai ce, sanin gargajiya cike yake da camfi, idan ka buɗe masa ƙofa zai gurɓata kimiyya. Lallai akwai camfi. Ana jifan mujiya don an ɗauke ta tsuntsuwar sharri, ana ƙyamar jemage, ana tsoron hawainiya. To amma yaron da wannan camfi yake zuwa aji, ko an buɗe ƙofa ko ba a buɗe ba, kuma haddar ma'anoni ba ta taɓa shi. Abin da ke kawar da shi shi ne malamin da zai nuna wa yara cewa mujiya ɓeraye take farauta da dare, ɓerayen da ke ɓarnar rumbu, kuma jemage ne ke kai garin fure daga wannan furen kuka zuwa wancan, haka ma na ɗorawa, har su yi 'ya'ya. Mai son kunun kuka da daddawa yana da dalilin barin jemage ya sha iska. Aikin malami shi ne tankaɗe: ya gayyato manomi ko makiyayi ko masunci cikin girmamawa su faɗi abin da suka sani, sannan shi da yara su gwada abin da zai gwadu. Mafi yawan abin da makiyayi zai faɗa a kan belbela da carki da kaska zai tabbata, domin shekaru ya yi yana kallo. Ga iyayen da ke fargabar ko wannan darasi zai ci karo da tarbiyyar addini, ya isa a tuna cewa a cikin Alƙur'ani akwai surori masu sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa, kuma malamanmu sun daɗe suna kira a yi tunani cikin halittun Allah.

Na huɗu zai kawo batun birni da batun tsaro. Yaron Fagge ko Tudun Wada ina zai ga gawo? Kuma a wannan zamani wa zai yarda a kai ɗansa daji? Babu mai cewa a kai yara daji. Duk abin da na lissafa ana iya yin sa cikin katangar makaranta. Birni ma cike yake da halittu masu dogaro da juna: ƙadangare a jikin bango yana cin ƙwari, darbejiya tana tara tsuntsaye su ci 'ya'yanta su yaɗa irinta, kwata da bola suna kiwon ƙuda da sauro da ɓera. Darasin bola ma ya fi kusa da rayuwar yaron birni. Ka'idojin kariya kuma suna cikin abin da za a koya wa malami: kada yaro ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse saboda kunama da maciji, kada ya shiga kududdufi, kada ya ɗanɗani tsiron da bai sani ba, a wanke hannu da sabulu bayan darasi. Yaron da aka koya wa waɗannan ya fi wanda aka tsare a aji kariya, domin bayan an tashi makaranta duk waje za su fita.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Kwalejojin ilimi su ware lokaci tabbatacce a kowane zango wanda ɗalibin koyarwa zai yi a fili, kuma kada a yaye shi sai ya iya nuna itatuwa da ƙwari da tsuntsayen yankinsa da sunayensu, ya bayyana abin da ya haɗa su, ya kuma gudanar da darasi ɗaya a waje lokacin koyarwar gwaji, mai duba shi yana tsaye. Hukumomin ilimin firamare na jihohi, idan za su shirya bita ga malaman da ke bakin aiki, su yi ta a harabar makaranta da gwangwani da irin wake, maimakon zauren taro da jawabai. Hedimasta ya daina ɗaukar malamin da ya fito da yara gindin bishiya a matsayin mai gudun aiki. Malamin da ke saurare na kuma ba sai ya jira kowa ba: ya zaɓi bishiya ɗaya a makarantarsa cikin wannan mako, ya nemi dattijon da ya san ta, ya fara rubuta abin da ke hawa da sauka a kanta. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo da tambaya a kan tsutsa ko saiwa, ku amsa masa da abin da kuka sani, domin ku ne malamansa na farko a wannan fanni.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah Ya ƙara wa malamanmu haƙuri da basira, Ya biya su da alheri, Ya raya mana zuriya. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, idan Allah Ya kai mu.